Sarki a Waya, Baƙo a Gidansa

Ƙarfe biyu da rabi na dare. An ɗauke wuta tun bayan Isha, unguwa ta yi tsit, karnuka ma sun gaji da haushi. Matarka ta yi barci da goyonta a gefe. Kai kuwa kana kishingiɗe, hasken waya ya dallare maka fuska, ka jona ta da ɗan fawa bank, kana jiran ganuwar garinka ta gama ginuwa. Wane gari? Garin da babu shi a Kano, babu shi a Damagaram, babu shi ko'ina a bayan ƙasa. Da kai nake, ƙanena, kuma yau ba rarrashi na zo yi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ba yau Bahaushe ya fara wasan dabara ba. Kakanninmu sun buga dara a gindin bishiya: ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, ka jera uku ka cinye ɗaya na abokin karawarka. Akwai dattawan da dara ta shiga jininsu har matansu na ƙorafi. Sai dai ita dara tana da abin da ya tsare mata mutunci. Tana bukatar hasken rana, tana bukatar abokin wasa, shi kuma abokin wasan yana da gona da iyali da masallacin da ake jiransa. Da magariba ta kawo jiki, ladan ya yi kira, ramuka sun daina ganuwa, kowa sai ya kakkaɓe rigarsa ya tashi. A nan aka samo maganar nan ta ana dara ga dare ya yi. Wasan da ke hannunka kuwa an zauna ne an ƙera shi yadda dare ba zai taɓa yi masa ba. Ba ya bukatar rana, abokan karawarka suna ƙasashen da safiyarsu ce darenka, kuma babu wata gaɓa da zai ce maka an tashi.

Na san amsar da ka tanada, don na sha jin ta. Za ka ce ai kai ba irin yaran nan ba ne masu buga gem ɗin harbe-harbe suna ihu a shagon caji. Naka na tunani ne, na tsara gari da tara dukiya da shirya runduna, yana wasa ƙwaƙwalwa. Ban musa maka ba cewa yana bukatar basira. Basirar ce ma maƙogwaron da aka kama ka ta nan. Mai buga wasan banza yakan ji kunya ya ajiye, shi kuwa mai wasan dabarun yaƙi ji yake aiki yake yi. Yana lissafin itace da zinariya, yana auna ko ya gina kasuwa ko barikin soja, yana ƙulla amana da wannan yana cin amanar wancan. In ya tashi bayan awa shida, gajiyar da yake ji irin ta wanda ya yini a ofis ce, har da ɗan alfaharin cewa ya cim ma wani abu. Sai ya duba ya ga babu ko ƙwayar gero da ta shigo gidan.

Bari in gaya maka yadda tarkon yake, tunda kai mai son sanin dabara ne. A 1991 wani Ba'amurke mai suna Sid Meier ya fito da wasan kwamfuta mai suna Civilization. Kana farawa da 'yan ƙaura a shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa, ka kafa gari, ka bi da al'ummarka har zamanin jirgin sama da makamin ƙare-dangi. A wasu fitowar wasan na baya-bayan nan, cikakken wasa zagaye 500 ne, yana ƙarewa a shekarar 2050. To, sirrin yana cikin yadda aka saƙa ayyukan. A zagaye biyu masu zuwa rumbunka zai kammala. Kafin ya kammala ka tura mahaya su gano wani tsibiri, saura zagaye huɗu su isa. Kafin su isa malamanka sun kusa gano sarrafa ƙarfe, saura uku. Da ƙarfen ya samu sai ka ga ai yanzu ne za ka iya murƙushe maƙwabcin da ya daɗe yana tsokanarka. Babu lokacin da duk ayyukan za su ƙare tare ka sami ƙofar fita. Kullum akwai tukunya ɗaya da ta kusa tafasa. Masu buga shi a duniya suna da wata magana da ta zama tambarinsu, wato bari in ƙara zagaye ɗaya kawai. Masu ƙera wasan sun san da haka sarai. Ko ka ci wasan gaba ɗaya, akwai maɓallin da ke ba ka damar ci gaba da ƙara zagaye. A 2005, lokacin tallar Civilization IV, har wata ƙungiyar raha suka ƙirƙiro ta waɗanda wai suke neman rabuwa da jarabar wasan, suna kwaikwayon taron masu son daina shan giya. Ciwonka ne aka mayar abin dariya, aka kuma yi talla da shi, ka kalla ka yi dariya ka saya.

Wannan ma mai sauƙi ne, domin shi aƙalla in ka rufe kwamfuta garinka na nan yadda ka bar shi. Na wayar nan da yawancinku kuke bugawa sun fi shi mugunta nesa ba kusa ba. Ɗauki Clash of Clans, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya fitar a 2012, ko danginsa irin su Lords Mobile da Rise of Kingdoms. A cikinsu agogo ba ya tsayawa don ka kwanta. Ka sa gini, a ce sai bayan awa takwas, in ka yi nisa a ce sai bayan kwanaki. Kana barci wani daga wata nahiya zai iya afka wa garinka ya kwashe abin da ka tara. Wayar kuma ba za ta bar ka ka manta ba: ƙit, maginanka sun gama, ƙit, an kawo maka hari, ƙit, ga garaɓasa ta awa 24. Kai ne mai waya, amma ita ke kiranka kana amsawa, ko kana kan tabarmar cin abinci, ko kana sahu an kusa tayar da iƙama.

Sannan aka haɗa ka da jama'a, wanda shi ne ƙullin da ya fi wuyar kwancewa ga ɗan Hausa. A Clash of Clans ƙungiya kan kai mutum 50, in an shiga yaƙi tsakanin ƙungiyoyi kowa yana da hari biyu da ake jiran ya kai kafin lokaci ya cika. In ba ka kai ba ka ja wa 'yan'uwa asara, a yi maka faɗa, wataƙila a kore ka. Mu mutane ne masu kunya da kara, ba ma son a ce mun ba da jama'a. Sai ga shi kunyar da aka raine ka da ita don ka riƙe zumunci an karkatar da ita ga mutanen da ba ka taɓa ganin fuskarsu ba. Kana jin nauyin wani mai laƙabin Damisa ko Sarkin Yaƙi da ba ka san ko yaro ne ɗan shekara 12 ba, amma ba ka jin nauyin gwaggonka da ta kwana uku a asibiti ba ka leƙa ba. An yi jana'iza a layinku ka ce ba ka ji ba. Ta yaya za ka ji, kunnenka na toshe da abin sauraro?

Za ka ce ai kyauta ne, ba ka biyan ko sisi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2016 kamfanin Tencent na China ya sayi mafi yawan hannun jarin Supercell a kan kuɗi dala biliyan 8.6. Kana ganin 'yan kasuwa za su zuba wannan dukiya a kan abin da ake rabawa sadaka? Jiran nan da ake sa ka yi shi ne hajar. An ƙirƙiri jinkirin da gangan, sannan aka sayar maka da maganinsa: ga duwatsu masu daraja, biya ka gama gininka yanzu. Yau ka sayi na ɗan kaɗan ka ce sau ɗaya ne, gobe abokin gaba ya fi ka ƙarfi ka ƙara. A shekarar 2016 ɗin nan wani mutum a jihar California ta Amurka ya amsa a gaban kotu cewa ya saci kusan dala miliyan 4.8 a wurin aikinsa, kuma kimanin miliyan ɗaya daga ciki a wasan Game of War ya narkar da su. Baligi ne mai aiki da hankalinsa. Kai ba ka kai can ba, na sani, naka bai wuce kuɗin data da na caji da ɗan abin da kake gutsura daga cefane ba. Amma zauna ka tara na wata shida, ka faɗa wa kanka gaskiya ko bai kai kuɗin makarantar 'yarka na zango ɗaya ba.

Wasu wasannin kuma har da akwatin sa'a, ka biya ka buɗe ba ka san abin da za ka samu ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, B. F. Skinner, ya daɗe da nuna wannan da tattabaru: tattabarar da ake ba hatsi jefi-jefi, ba ta san saran da zai kawo ƙwaya ba, ita ce ta fi naci wajen saran maɓalli. Duk wanda ya yi kiwon tattabaru da ƙuruciya zai gane hoton. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi a wasu wasanni ta ce caca ce. Kai da ba za ka yarda a gan ka a ƙofar gidan caca ba, ga shi ka shigo da ita har ɗakin aurenka.

Kada ka ɗauka daga kan tudu nake maka magana. Ni ma na sha wannan ruwan. Bayan na gama bautar ƙasa na yi zaman jiran aiki, ga wata tsohuwar kwamfuta da wani aboki ya bar mini, a cikinta akwai irin wannan wasa na kafa daula. Da farko bayan la'asar nake taɓawa. Kafin wata biyu na koma mai kwana a zaune, in ji kiran assalatu in yi mamaki wai har dare ya ƙare. Wata rana da magariba Umma ta leƙo ta ce, "Tashi ka karɓo mini maganin hawan jinin nan, na ƙarshe na sha da safe." Na ce, "To Umma, yanzun nan." Ina tsakiyar kewaye wani birni ne, saura kaɗan ya faɗi. Ya faɗi, sai wani ya taso. Da na ɗaga kai sha ɗaya ta wuce, duk masu kemis na unguwa sun rufe. Ta kwana ba magani, da ciwon kai ta tashi. Da safe na shiga gaishe ta ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Ka tashi lafiya? Allah ya shirya mini kai." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A daren na ci birane uku, kuma yau ko sunan ɗaya ban riƙe ba. Kallon da ta yi mini kuwa yana nan.

Akwai wani uzurin da na fi jin haushinsa saboda yana da kamar gaskiya, wato wai tarihi ake koya. E, an sa mu a ciki. Mansa Musa na Mali yana cikin Civilization IV, Askiya na Songhai yana cikin na biyar. A 2021 masu Age of Empires III suka ƙara Hausawa da Habashawa cikin al'ummomin da ake wasa da su, kuma a Civilization VII da ya fito a 2025 Sarauniya Amina ta Zazzau na cikin shugabannin da mutum zai zaɓa. Ni ma na ji daɗi da na ji, wa zai ƙi a ambaci nasa? Amma tsakaninka da Allah, a cikin awa ɗari uku da ka kashe kana jan rundunar Amina, minti nawa ne na tarihi? Abin da ka haddace shi ne wane soja ya fi araha da wane gini ya fi kawo zinariya. Zariya na nan, mota ɗaya ce daga inda kake, ragowar ganuwarta na nan tana zaizayewa. Gidan Makama na nan a Kano. Ba ka taɓa zuwa ba. Ka gina ganuwa hawa-hawa a waya, katangar bayan gidanku kuwa da damina ta rusa tun bara har yau da tsohon buhu aka kare ta, awakin maƙwabta na shiga suna cin dusar mahaifiyarka.

To, yaushe wasa ke tashi daga wasa ya zama ciwo? Wannan ba ra'ayina ba ne kawai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasannin bidiyo cikin kundinta na cututtuka, bugu na 11, wanda ya fara aiki a farkon 2022. Ba yawan awa ta ƙirga ba. Alamu uku ta kafa: mutum ya kasa riƙe linzamin wasan, lokacin farawa da na tsayawa sun fi ƙarfinsa, wasan ya hau gaban sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba ko ma ya ƙara duk da yana ganin ɓarnar da ake yi masa. Ta ce a bisa al'ada sai abin ya kai kamar wata 12 yana lalata masa karatu ko aiki ko zaman iyali kafin a kira shi cuta. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne cikin masu wasa abin ke kai su nan, don haka ba ina cewa duk wanda ya taɓa gem majinyaci ba ne. Wanda ya buga awa ɗaya ranar hutu ya ajiye ya tafi harkarsa, babu ruwana da shi. Kai dai auna kanka da ukun nan. Sau nawa ka ce minti goma ya zama awa uku? Sau nawa ka ɓoye fuskar waya da ka ji tafiyar matarka? Sau nawa ka goge wasan da rantsuwa, kafin Juma'a ka sake sauko da shi? Wanda yake ɓoye abu ya riga ya yanke wa kansa hukunci.

Waɗanda suka riga mu shiga wannan rami sun ga abin da ya fi haka. A 2005 a birnin Daegu na Koriya ta Kudu wani matashi ɗan shekara 28 ya zauna a shagon intanet yana buga StarCraft kusan awa 50, ba barcin kirki ba abincin kirki, ya yanke jiki ya faɗi, bai tashi ba. StarCraft wasan dabarun yaƙi ne, irin naka mai wasa ƙwaƙwalwa. A 2011 ƙasar ta kafa dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe. Yara suka koma amfani da shaidar iyayensu, wasa kuma ya koma waya inda dokar ba ta kai ba, bayan shekara goma aka soke ta. China kuwa a 2021 ta ce duk wanda bai kai 18 ba awa ɗaya kawai zai yi, daga takwas zuwa tara na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Awa uku a mako ke nan. Ka tuna a wace ƙasa Tencent yake. Wanzami ba ya son jarfa. Sun ƙayyade wa 'ya'yansu awa uku a mako, kai kana ba su awa bakwai a rana, da kuɗinka, kana godiya.

Mu a nan babu hukumar da za ta zo ta kashe maka waya da tsakar dare. In ba ka yi wa kanka dare ba, babu mai yi maka.

Ka fara da ganin gaskiyar lamba. Kusan kowace waya ta zamani tana da wurin da ke nuna awa nawa ka kashe a kan kowace manhaja. Buɗe ka duba na mako guda, kada ka kawar da kai. Daga nan ka daina yaudarar kanka da zancen zan rage a hankali. Wasan kwamfuta mai farko da ƙarshe, wanda ke jiranka in ka rufe, wataƙila ka iya yi masa iyaka: rana kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, kuma wani ne zai tashe ka, don agogon da ka saita da hannunka da hannunka za ka kashe shi. Amma mai agogon nan da ƙungiya da hari cikin dare ba a rage shi, domin an gina shi ne ya hukunta duk wanda ya rage. Wannan fita ake yi gaba ɗaya. Ka rubuta wa 'yan ƙungiyar taka cewa ka tafi, ka miƙa sarautar ga wani, ka fita, ka goge asusun kansa, ba manhajar kaɗai ba. Ka cire katin bankinka daga wayar. Na rantse maka kafin sati ya zagayo sun cike gurbinka, babu wanda zai yi maka zaman makoki.

Zuciya za ta ce maka, shekara uku fa kana gini, yanzu duk ya tafi a banza? Shekara ukun sun riga sun tafi, ƙanena. Ba a ajiye suke cikin garin ba, ba za ka iya cire su ka sayar ka sayi buhun masara ba. Ranar da kamfanin ya ga wasan ya daina kawo riba zai rufe shi, kamar yadda aka rufe wasanni da yawa kafinsa, garin naka ya ɓace ba tare da an nemi izininka ba. Abin da ya rage a hannunka shi ne shekara ta huɗu.

Waya kuma ta daina kwana a shimfiɗarka. Bayan Isha ka sa ta caji a wani ɗaki, ko ka miƙa wa uwargida ta ajiye. In don tashin asuba ne, agogon tebur bai kai kuɗin datar sati ba, ladan ma na nan. Ka sa rai kwanakin farko za su yi ɗaci. Hannunka zai riƙa lalubar aljihu, za ka riƙa jin haushin kowa, barci zai ƙi zuwa, har mafarkin garin za ka yi. Yana wucewa. Abin da ba ya wucewa da kansa shi ne ramin da wasan ya bari, awa shida ko bakwai a rana da ba ka san abin da za ka yi da su ba. In ba ka cike shi ba za ka koma, ko ka faɗa wa TikTok ka ce ka warke. Koma filin ƙwallo da yamma. Je ka zauna shagon wani ka koyi gyaran waya ko ɗinki ko haɗa sola. Koma makarantar dare da ka bari. In dabarar ce ke cin ranka, ga dara nan, ga dirafti a majalisa, inda abokin wasanka zai miƙe in an kira salla ka ji kunyar zama.

Sannan ka tambayi kanka abin da kake gudu. Wannan ita ce tambayar da ba a so. Da yawa ba daɗin wasan ne ya kai su ba. A 2022 jami'o'in gwamnati a Najeriya sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aikin malamai, ga kuma dubban masu digiri da ke zaune ba aiki. Saurayin da ya nema ya rasa, wanda a gida ba a jin maganarsa, a waje ba a san da shi ba, sai ya sami wata duniya inda in ya yi ƙoƙari yake ganin sakamako nan take, inda ake kiransa shugaba. Na fahimci wannan, don ni ma abin da ya zaunar da ni ke nan. Amma fahimta ba ta sa na sassauta maka ba. Rashin aikin yana nan yana jiranka a bakin ƙofa duk daren da ka kwana kana yaƙi, sai dai ka fito ka same shi ya ƙara girma kai ka ƙara rauni. In kuwa ka ga abin da ke ƙasa ya fi haka, baƙin ciki ne da ba ya ɗagawa, ko fargaba, ko ka yi ta ƙoƙarin dainawa ka kasa, to je ka ga likita. Akwai asibitocin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. A Ingila ma tun 2019 hukumar lafiyarsu ta buɗe cibiya ta musamman a Landan don masu wannan matsala. Ka haɗa da addu'a, amma kada ka roƙi Allah ya raba ka da abu alhali ka bar shi a ƙarƙashin matashin kai.

Ku kuma iyaye, ba ku tsira ba. Wa ya fara miƙa wa yaron waya yana shekara uku don ya yi shiru a yi hira? Wa ya saya masa babbar waya don ɗan maƙwabci na da ita, bai taɓa tambayar me ke ciki ba? Alhaji, kana faɗan yaro ya ajiye waya, taka tana hannunka, kana cin tuwo kana latsawa. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito kuma a ɗauko wayar a rotsa da ƙasa, a bi shi da bulala. Ihu bayan hari ke nan. Zai ari ta aboki, zai tafi shagon gem, abin da ya ƙaru kawai ya koyi ɓoye muku. Ku zauna da shi ya nuna muku wasan, ku gane mene ne ke riƙe shi, ku sa doka da za ta hau kan kowa a gidan har da ku: ba waya a wurin cin abinci, ba waya a ɗakin kwana. Ke ma baiwar Allah da mijinki ya zama haka, daina rufa masa asiri kina cewa aiki ne ya yi masa yawa. Faɗa masa a fili cikin mutunci, in bai ji ba ki sanar da wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa.

Na dawo gare ka, mai gari. Ɗanka ya fara tafiya watan jiya, matarka ce ta ba ka labari alhali kana cikin ɗakin. Yau in an idar da Isha, kafin ka zauna, ka shiga ka yi wa 'yan ƙungiyar taka sallama, ka goge asusun, ka miƙa mata wayar. Gobe da safe ka nemo magini ya duba katangar nan ta bayan gida kafin ruwa ya sauka.